Ƙiba da Tumbi da Hawan Jini: Matsalar Kalmomin Awon Jiki a Yankin Karasuwa, Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dangantakar da ke tsakanin awon kitsen jikin ɗan'adam da cutar hawan jini, tare da duba kalmomin da ake isar da wannan bayani da su cikin harshen Hausa. Batun na likitoci ne a asalinsa, amma yana da ɓangaren da ya rataya a wuyan masana harshe, domin kuwa duk abin da likita ya gano, da harshe yake isa kunnen majinyaci. Idan kalmar da aka zaɓa ta karkace, to awon da za a yi ma zai karkace, shawarar da za a bayar kuma ta faɗi inda ba a nufa ba.

Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, wurin da kitse ya taru a jiki yana da muhimmanci ƙwarai wajen hasashen hawan jini, har a wasu lokuta ya fi nauyin jikin gaba ɗaya, kuma Hausa tana da kalmomin da suka bambance wannan tun kafin zuwan asibiti, sai dai ba a cin moriyarsu yadda ya kamata a wajen fassara. An ɗauki yankin arewacin Jihar Yobe a matsayin abin misali saboda dalilan da za a kawo nan gaba.

2.0 Yankin da Ake Magana a Kai

Karasuwa ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Yobe, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Borno a shekarar 1991. Hedikwatarta na Jajimaji, kuma tana tsakanin manyan garuruwa biyu, wato Nguru ta yamma da Gashuwa ta gabas. Nguru ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano, wanda ya isa garin a wajejen 1930, ya kuma jawo 'yan kasuwa daga sassa da dama. Gashuwa kuwa ita ce mazaunin Masarautar Bade, a kusa da inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke haɗuwa su zama kogin Yobe. Jama'ar yankin manoma ne da masunta da makiyaya da 'yan kasuwa.

Ta fuskar harshe, akwai Mangawa masu magana da wani karin harshen Barebari, da Badawa, da Fulani, da Hausawa. Hausa ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da tasha da asibiti. Wannan na nufin cewa a Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko a babban asibitin Gashuwa, sau da yawa ma'aikacin da ya yi karatunsa da Ingilishi zai yi bayani da Hausa ga majinyacin da Hausa ba harshen uwa ba ce gare shi. Saƙo yakan ƙetare harsuna biyu ko uku kafin ya zauna. A irin wannan hali, kalma mai harshen damo tana da haɗari fiye da yadda take da shi a birnin Kano ko Katsina.

3.0 Hawan Jini

3.1 Ma'anarsa a Likitance

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi da ƙarfi, shi kuma jinin yana danna bangon jijiyoyin. Wannan dannawa ita ake aunawa. Na'urar da ake ɗaurawa a dantse ta samo asali ne daga aikin wani likitan Italiya mai suna Riva-Rocci a 1896, sa'an nan a 1905 wani likitan Rasha, Korotkoff, ya gano hanyar sauraren bugun jijiya domin fitar da lambobi biyu. Lambar sama ita ce ƙarfin dannawar a lokacin da zuciya ta matse, lambar ƙasa kuwa a lokacin da ta saki. Ana lissafinsu da milimita na zaiba. A bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan lambar sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a awon da aka maimaita a ranaku dabam-dabam, to mutum yana da hawan jini.

Wannan iyaka ta sha sauyawa. A da 160 bisa 95 ce iyakar, kuma da ita aka yi binciken ƙasa na farkon shekarun 1990 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa O. O. Akinkugbe, wanda rahotonsa na 1997 ya nuna kashi 11.2 cikin 100 na manyan Nijeriya suna da cutar. Binciken da Odili da abokan aikinsa suka gudanar a 2017 a shiyyoyi shida na ƙasar, bisa iyakar 140 bisa 90, ya sami kashi 38.1 cikin 100. Wani ɓangare na wannan tazara ya fito ne daga sauyin rayuwa, wani ɓangaren kuma daga sauyin ma'anar kalmar ita kanta. Masanin harshe ba zai yi mamakin haka ba, domin ya san idan aka faɗaɗa ma'ana, abubuwan da take ƙunsa sukan ƙaru.

3.2 Ma'anarsa a Bakin Jama'a

Kalmar "hawan jini" harɗaɗɗen suna ce da aka gina daga sunan aikatau "hawa" da mahaɗi "-n" da suna "jini". Ta karɓu sosai, kuma ba a ganin dalilin sauya ta. Amma tana ɗauke da fahimta uku da ke iya ɓad da mai sauraro. Dubi waɗannan jimloli:

(1) Kada ka sa mini hawan jini.
(2) Jinina ya hau jiya, amma yau ya sauka.
(3) An ce ba ni da isasshen jini, ina zan sami hawan jini?

A jimla ta (1) an danganta cutar da ɓacin rai da tunani kawai. A ta (2) an ɗauke ta abu mai zuwa ya wuce kamar zazzaɓi, tunda abin da ya hau yana sauka, wanda hakan kan sa a daina shan magani da zarar ciwon kai ya lafa. A ta (3) kuwa an ɗauka yawan jini ake nufi, har wasu su nufi wanzami ya yi musu ƙaho don a rage shi, alhali ƙarancin jini da hawan jini suna iya haɗuwa a jikin mutum guda. Abin lura shi ne, a duk jimlolin nan uku babu inda siffar jiki ta shigo. Ke nan dangantakar ƙiba da hawan jini ba ta cikin kalmar, sai an shigo da ita ta hanyar bayani.

4.0 Kalmomin Ƙiba a Hausa

Hausa ba ta tara komai a ƙarƙashin kalma ɗaya ba. Ana iya kasa kalmomin gida uku.

Kashi na farko ya shafi abin da kansa, wato "kitse" da "mai" da "maiƙo". Kitse abin so ne a al'adance, shi ya sa ake cewa an yi wa rogo kallon kitse idan aka ɗauki abu maras daraja a matsayin mai daraja. Haka kuma akan ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kashi na biyu ya shafi cikar jiki baki ɗaya, kamar "ƙiba" da "kauri", da kuma maganganu irin su "ya yi jiki", "ta murmure", "ya yi kumatu", "ta yi ɓulɓul". Kusan dukkansu yabo ne. Amaryar da ta yi ƙiba an ce ta sami gidan hutu, maigidan da ya yi ƙiba an ce hannun uwargida ya karɓe shi. Kishiyarsu ita ce "rama", wadda ake dangantawa da ciwo ko talauci ko rashin kwanciyar hankali. A yankin da ya ga farin shekarun 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, wannan fahimta tana da tushe, domin jama'a sun san abin da rama take nufi da idanunsu.

Kashi na uku ya shafi wurin da kitsen ya taru, wato "tumbi" da "teɓa". Tumbi a asali sunan babban ɓangaren cikin dabba mai tuƙa ne, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa cikin mutum da ya turo gaba. Teɓa kuwa ita ce tattarar kitse mai laushi da ke zubowa, wadda ake iya kamawa da hannu. Waɗannan biyu ba su cika zama yabo ba. Akan ce wane "ya ajiye tumbi" cikin raha ko zolaya, ko da yake a wani lokacin ana nufin alamar samun duniya.

Bayan waɗannan akwai "kumburi", wato taruwar ruwa a ƙafafu ko fuska ko ciki. Kowane Bahaushe ya san kumburi ciwo ne, amma a farkon al'amari akan yi masa kallon ƙiba, sikeli kuwa ba ya bambance su.

Wannan rarrabewa ta yi daidai da abin da likitoci suka gano. A 1947 wani likitan Faransa, Jean Vague, ya nuna cewa ƙibar da ta taru a sama, wato ciki da ƙirji, ta fi zuwa da ciwon suga da cututtukan jijiyoyin jini bisa ga wadda ta taru a mazaunai da cinyoyi. Duk wanda ya taɓa feɗe ragon turke a ranar Layya ya ga kitse iri biyu: wanda ke ƙarƙashin fata, da wanda ke lulluɓe da hanji da ƙoda. Haka abin yake a jikin mutum. Teɓa ta fi kusa da na farkon, tumbi mai tauri kuwa yakan nuna na biyun, kuma shi ne mafi haɗari.

5.0 Hanyoyin Awon Kitse

5.1 Awon Nauyi da Tsawo

Wannan shi ne awon da ya fi yaɗuwa, wanda likitoci ke taƙaitawa da haruffan BMI. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da shi a shekarun 1830, sa'an nan Ancel Keys na Amurka ya ba shi sunan da ake kiransa da shi a 1972. Ana ɗaukar tsawon mutum da mita a ninka shi da kansa, sai a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa sakamakon kamar haka: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya zarce. Daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai yawa.

Amfaninsa shi ne sauƙi, da kuma dacewarsa wajen kwatanta al'umma da al'umma. Rauninsa shi ne sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai san ruwa ba, bai kuma san inda kowannensu ya zauna ba. A ɗauka ga mutum biyu masu tsawo ɗaya, santimita 170. Na farko ɗan dako ne a kasuwar Nguru, nauyinsa kilo 80, kewayen cikinsa santimita 82. Na biyu mai shago ne da ke wuni a zaune, nauyinsa kilo 70, kewayen cikinsa santimita 96. Awon na farko zai ba da 27.7, a ce nauyinsa ya zarce. Na biyu zai ba da 24.2, a ce lafiya lau yake. Amma a gaskiya na biyun ne ke ɗauke da kitsen da ake tsoro. Bugu da ƙari, binciken da Amy Luke da abokan aikinta suka buga a 1997 ya nuna cewa baƙaƙen fata na Nijeriya da na Jamaika da na Amurka masu lambar BMI ɗaya ba su da yawan kitse ɗaya.

5.2 Awon Kewayen Ciki

Ana yin wannan da tef irin na tela. Mutum zai tsaya, ya saki jiki, ya fitar da numfashi a hankali, sai a zagaya tef ɗin a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu. Ga yawancin mutane wurin yana kusa da cibiya. Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce santimita 94 ga maza da 80 ga mata a matsayin farkon haɗari, sa'an nan 102 ga maza da 88 ga mata a matsayin haɗari mai tsanani. Daga Turawa aka samo waɗannan lambobi. A 2005 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ce a yi amfani da su a Afirka kudu da Sahara kafin a sami na gida. Da Ekoru da abokan aikinsa suka tattara bayanai daga ƙasashen Afirka da dama, suka buga a 2018, sun sami cewa iyakar da ta fi dacewa da mazan Afirka ta yi ƙasa da ta Turawa, wajen santimita 81. Ma'ana, namiji na iya shiga haɗari tun tumbinsa bai kai abin zolaya ba.

A nan ne babbar matsalar fassara take. Kalmar Ingilishi da ake kiran wannan wuri da ita akan fassara ta da "ƙugu". Amma ƙugu a Hausa yana ƙasa da wurin da ake nufi, domin shi ne inda ake ɗaura zane ko mazagin wando, inda ake riƙewa idan an yi tsaye ana mamaki. Mai tumbi yakan ɗaura wandonsa a ƙarƙashin tumbin, don haka awon ƙugunsa a wurin tela na iya zama yadda yake shekara da shekaru alhali cikinsa yana ta ƙaruwa. Idan aka ce wa mutum a rediyo ya auna ƙugunsa, zai auna inda harshensa ya nuna masa, ya sami lamba mai kwantar da hankali wadda ba ta da alaƙa da kitsen cikinsa.

5.3 Awon Ciki da Mazaunai

A wannan hanya ana raba kewayen ciki da kewayen mazaunai a inda suka fi faɗi. Taron ƙwararru da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira a Janeba a 2008 ya ambaci 0.90 ga maza da 0.85 ga mata a matsayin iyaka. Awon yana da amfani a bincike, sai dai yana da wuyar gudanarwa a inda kunya ke da ƙarfi, musamman idan ma'aikacin namiji ne majinyaciyar kuma matar aure. Ko ambaton wurin ma yana bukatar sakaya zance, shi ya sa "mazaunai" ta fi dacewa bisa ga kalmar da aka saba ji a kasuwa.

5.4 Awon Ciki da Tsawo

Wannan ya fi sauran sauƙi. Ana raba kewayen ciki da tsawon mutum, idan sakamakon ya kai 0.5 to a yi hattara. Margaret Ashwell ta Ingila tana cikin waɗanda suka daɗe suna kira a yi amfani da shi, kuma a 2022 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta shigar da shi cikin shawarwarinta. Idan aka koma ga mutum biyun nan na sama, ɗan dako zai sami 0.48, mai shago kuwa 0.56. Awon bai bambanta namiji da mace ba, bai kuma bukatar sikeli ko ilimin lissafi. Ana iya ɗaukar igiya a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita. Idan bakunan suka haɗu, madalla. Idan suka kasa haɗuwa, tumbi ya wuce ƙa'ida. Wannan abu ne da za a iya yi a kowane ƙauye na Karasuwa, a cikin ɗaki, mace ta auna 'yar'uwarta mace. Ba a yin sa ga mai juna biyu ko ƙananan yara.

6.0 Yadda Kitsen Ciki Ke Sa Jini Ya Hau

A da an ɗauki kitse a matsayin rumbun ajiya kawai. Gano sinadarin leptin da Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka yi a 1994 ya tabbatar da cewa kitse yana aika saƙonni zuwa sauran sassan jiki. Ana iya taƙaita hanyoyin da yake bi zuwa biyar.

Da farko, jiki mai yawa yana bukatar jini mai yawa, don haka zuciya takan ƙara yawan abin da take turawa a kowane minti. Na biyu, leptin da wasu sinadarai suna zaburar da jijiyoyin saƙo waɗanda ke sa zuciya sauri, su tsuke hanyoyin jini, su kuma umurci ƙoda ta riƙe gishiri. Na uku, kitse yana ƙara ƙarfin tsarin sinadaran da ake kira renin da anjiyotensin da aldosteron, waɗanda aikinsu shi ne tsuke jijiya da tare gishiri da ruwa a jiki. Na huɗu, kitsen da ya kewaye ƙoda yana matse ta, sai ta kasa fitar da gishiri sai da ƙarin ƙarfin jini. Na biyar, kitsen wuya yakan toshe hanyar numfashi cikin barci, mutum ya riƙa minshari mai ƙarfi yana ɗaukewar numfashi, kuma kowace ɗaukewa tana harba jini sama. Uku daga cikin hanyoyin nan biyar a ƙoda suke ƙarewa, wannan kuwa yana da muhimmanci ga yankin da ake magana a kai.

7.0 Hujjojin Bincike

Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948, ya bi dubban mutane shekara da shekaru. A rahoton Garrison da abokan aikinsa na 1987 an ƙiyasta cewa kashi 78 cikin 100 na hawan jinin maza da kashi 65 na mata yana da nasaba da nauyin da ya zarce. Wanda ya fi kusa da gida shi ne binciken Richard Cooper da Charles Rotimi da abokan aikinsu na 1997, inda aka auna mutum fiye da dubu goma 'yan asalin Afirka ta Yamma a Nijeriya da Kamaru da tsibiran Karibiyan da Amurka. An sami hawan jini a kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a Karibiyan, kashi 33 a Amurka, kuma wannan hauhawa ta tafi kafaɗa da kafaɗa da ƙaruwar nauyin jiki da cin gishiri. Tsatso ɗaya ne, rayuwa ce ta bambanta.

Hanyar tana da komowa. Neter da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 25 a 2003, suka ga cewa duk kilo guda da mutum ya rage yana sauko da jini da kimanin milimita guda. A watan Janairu na 2025 kuma wani kwamitin ƙwararru da mujallar Lancet ta kafa ya ba da shawarar kada a dogara da BMI shi kaɗai wajen yanke hukunci a kan mutum, a haɗa shi da awon ciki.

8.0 Iyakar Awon Kitse

Duk da waɗannan hujjoji, siriri bai tsira ba. Gashuwa da ƙauyukan da ke bakin kogin Yobe sun daɗe da yin suna wajen yawan masu ciwon ƙoda, abin da ya jawo hankalin likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da masu bincike na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Ƙoda da hawan jini kuwa kowannensu yana haifar da ɗan'uwansa: hawan jini yana lalata ƙoda, ƙodar da ta lalace tana sa jini ya hau. Mai ciwon ƙoda yana iya zama ramamme, jininsa kuwa yana sama. Yana kuma iya kumbura, nauyinsa ya ƙaru, dangi su yi murna cewa ya murmure. A irin wannan wuri, cewa "hawan jini ciwon masu ƙiba ne" kuskure ne mai iya jawo asarar rai.

Akwai kuma gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali guda, a haɗe da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Ƙasar Manga tsohuwar matattarar fataucin kanwa da manda ce, kuma kanwa tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin da ke riƙe ruwa a cikin gishiri. Davidson da Parry, a aikinsu na Zariya da aka buga a 1978, sun danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Har ila yau akwai ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe", waɗanda wasunsu, irin su dexamethasone, suke tara kitse a fuska da ciki, su riƙe gishiri, su sa jini ya hau. Sunan da jama'a suka laƙaba musu ya isa gargaɗi.

Daɗin daɗawa, kaurin jiki yana shafar awon jinin kansa. Idan aka ɗaura ƙaramin maɗauri a dantse mai kauri, na'ura za ta nuna lambar da ta fi ta gaskiya. Don haka wajibi ne kowane ɗakin shan magani ya tanadi maɗauri fiye da guda.

9.0 Shawarwari kan Kalmomi

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi da koyarwa. Fannin lafiya ma yana bukatar irin wannan aiki. Bisa ga abin da ya gabata, ana ba da shawarar waɗannan:

(a) A riƙa cewa "awon nauyi da tsawo" ga BMI, tunda abin da yake aunawa ke nan. Kiransa "awon ƙiba" yana ba shi ikon da ba shi da shi.
(b) A riƙa cewa "awon kewayen ciki", a ƙara da "daidai cibiya" idan ana magana da jama'a, a guji "awon ƙugu".
(c) A riƙa cewa "awon ciki da mazaunai" da "awon ciki da tsawo" ga sauran biyun.
(d) A keɓe "tumbi" ko "kitsen ciki" ga ƙibar da ta taru a tsakiya, a bar "ƙiba" ga cikar jiki baki ɗaya, a kuma riƙa bambance su da "kumburi" a fili.

Dalilin shawara ta ƙarshe shi ne, wanda ya ce wa jama'a ƙiba cuta ce ya yi karo da kalmar da suka gada a matsayin yabo, kuma da wuya a saurare shi, musamman a inda har yanzu ake fama da tamowa a tsakanin yara. Wanda kuwa ya ce tumbi ne abin tsoro, harshe yana bayansa, domin dama kalmar ba ta da farin jini. Saƙon ana iya dunƙule shi cikin jimla ɗaya: kada kewayen cikinka ya kai rabin tsawonka, kuma ko kana da jiki ko ba ka da shi, je a auna jininka.

Ya kamata kuma a yi irin wannan bincike a harsunan Bade da Manga da Fulfulde. Ƙamusoshin Bade da aka samar a ƙarƙashin jagorancin Russell Schuh suna iya zama mafari, sa'an nan Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana tsakiyar masu waɗannan harsuna.

10.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa yawan kitse yana da dangantaka ta tabbas da hawan jini, cewa kitsen ciki ya fi sauran haɗari, kuma awon da ya dubi ciki ya fi sikeli shi kaɗai bayyana halin da mutum yake ciki. An kuma nuna cewa a yankin Karasuwa da Nguru da Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya yi yawa, awon jiki ba zai maye gurbin awon jini ba. Ta fuskar harshe an ga yadda "ƙugu" ke karkatar da awo, da yadda "ƙiba" ke ɗauke da yabo, da yadda "tumbi" ya dace da abin da likita ke nufi. Abin da ya rage shi ne masana harshe da ma'aikatan lafiya da 'yan jarida su zauna su tsai da kalmomi guda, a gwada su a kan masu sauraro na gaske a asibiti da kasuwa, kafin a shigar da su cikin littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo.